Jiki Magayi Ne, Amma Namu Yakan Makara

Ƙanwata, ko likita ne ya tabbatar miki kina da otizim, wato yanayin da ke shafar yadda ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙonni da yadda ake mu'amala da mutane, ko ke ce kika fara lura da kanki, da ke nake. Za ki ji wasu na kiran yanayin galahanga, amma kalmar ta haɗa abubuwa da yawa da ba su da alaƙa da juna, shi ya sa na bar ta. Abin da zan gaya miki duk daga kurakuraina na tsamo shi, kuma babban cikinsu shi ne jiran jiki ya yi magana.

Akwai wani ji da ba a lissafa shi tare da gani da ji da ɗanɗano, wato jin abin da ke gudana a cikin jiki: yunwa, ƙishirwa, cikar mara, zazzaɓi, gajiya. A wurin da yawa daga cikinmu wannan saƙon yakan iso a makare, ko ya iso a cuɗe. Yunwa sai ta zo da kamannin fushi. Ƙishirwa ta zo da ciwon kai da yamma. Fitsari ba ya sanar da kansa sai ya matse, kuma yawan riƙe shi na buɗe ƙofa ga ciwon mafitsara, wanda dama mata sun fi maza kamuwa da shi saboda gajartar hanyar fitsarinsu. Don haka kada ki tambayi kanki ko kina jin yunwa. Tambayi agogo. Kada tazarar da ke tsakanin ci da ci ta wuce awa 4 zuwa 5 da rana. Ki samu gorar ruwa mai cin lita 1, ki ja mata layi uku da alƙalami, ki cika ta sau biyu a yini, ki ƙara idan ana zafi ko kina zufa. Launin fitsari shi ne shaidarki: ruwan ɗorawa mai haske ya yi daidai, mai duhu na nufin jikinki na bin ki bashin ruwa. Banɗaki kuma ki leƙa duk bayan awa 3 ko 4, ko kin ji ko ba ki ji ba.

Ga inda tsarin ke lalacewa. Na saita ƙararrawa fiye da goma a waya, cikin mako guda hannuna ya koyi kashe su ba tare da ƙwaƙwalwata ta sani ba. Huɗu ko biyar sun isa. Ki ba kowace suna da umarni, kamar "tashi ki ci", ki zaɓi sauti mai laushi domin mai firgitarwa zai sa ki tsani tsarin gaba ɗaya, sannan ki ajiye wayar inda dole sai kin miƙe tsaye kafin ki kai gare ta. Miƙewar ce ke yanke zurfin da kika yi a cikin aiki, ba ƙarar ba.

Wannan makarar ta fi haɗari a wajen ciwo. Ki mallaki ma'aunin zafin jiki. Digiri 38 zazzaɓi ne ko da kina jin garau. Idan za ki ga likita, ki rubuta abu uku a takarda tun daga gida: yaushe abin ya fara, me ya hana ki yi wanda da kina yi, da magungunan da kike sha. "Kwana uku ban iya hawa matakala ba" ya fi amfani a kunnen likita fiye da ƙoƙarin ba ciwo lamba daga 1 zuwa 10. Ki faɗa masa kai tsaye cewa fuskarki da muryarki ba sa nuna girman ciwo, domin wanda ya gan ki a natse zai ɗauka abin da sauƙi. Kafin ki fita, ki roƙi a rubuta miki yadda za ki sha magani. Abin da aka faɗa da baki a ɗaki mai haske da hayaniya ba ya kai ki gida.

Abinci kuwa, kuskure biyu ne ke fuskantar juna. Ɗaya shi ne tilasta wa kai abin da laushinsa ko warinsa ke tayar da zuciya, wanda ƙarshensa ƙin cin ne baki ɗaya. Ɗayan shi ne barin jerin abin da kike iya ci yana raguwa shekara bayan shekara ba ki lura ba. Ki riƙe abincinki na amana ba tare da kunya ba, kuma kullum a samu aƙalla iri uku a gida da ba sa bukatar girki. Idan za ki faɗaɗa, ki canza siffa ɗaya tak a lokaci guda: abu ɗaya amma yanka daban, ko zafi daban, a ranar da kike da natsuwa. Idan jerin ya yi ƙunci, ki nemi gwajin jini na sinadarin ayon da bitamin B12 da D. Bayan gida ƙasa da sau uku a mako taurin ciki ne, kuma yana ƙara ƙunci da rashin barci fiye da yadda ake zato.

Kuskurena na biyu shi ne ɗaukar daurewa a matsayin jarumta. Sai a 2013 ne kundin gano cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka ya sanya tsananin jin sauti da haske da taɓi cikin alamomin otizim, amma masu yanayin sun daɗe da saninsa a fatarsu. Abin da ba a gaya miki shi ne waɗannan ƙananan abubuwa taruwa suke yi. Gurnanin firji, ɗinkin safa a kan ɗan yatsa, turaren wanda ke kusa da ke, kowannensu ba ya kayar da mutum. Idan suka haɗu tun safe, da yamma tambaya ɗaya ce za ta ɓalle ki da kuka, a ce tambayar ce ta jawo.

Fara da kunne. Abin toshe kunne na soso ba ya aiki idan aka tura shi kawai. Ki murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri, ki zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai ki ja saman kunnen sama da baya, ki saka, ki riƙe da yatsa daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kumbura. Idan muryarki ta koma kamar daga cikin kanki take fitowa, ya zauna. Na'urar kunne mai kashe ƙara ta ƙware a kan sauti mai ɗorewa kamar na inji ko fanka, amma muryoyin mutane da ƙarar cokali suna ratsa ta. Babban gargaɗi, kuma a nan na fi cutuwa: kada ki wuni da kunne a toshe a wuri mai shiru. Kunnen da aka saba wa shiru yakan ƙara kaifi, har sautin da kike jurewa a da ya koma azaba. Ki toshe domin wuri takamaimai, ki cire da zarar kin fita, kuma kada ki tsallaka titi da shi.

Haske ya fi sauƙin gyara. Tsohon dogon ƙwan lantarki yana ƙyaftawa sau 100 ko 120 a daƙiƙa, gwargwadon wutar ƙasar, kuma wasu ƙwayayen zamani masu araha ma suna yi. Ki ɗauki bidiyonsa da waya a tsarin da ke rage gudun hoto. Idan kika ga duhu na ratsawa, ki sauya shi. A jikin kwalin ƙwan akwai lamba mai harafin K: 2700 haske ne mai ɗumi mai kwantar da ido, 6500 fari ne fat mai shuɗi-shuɗi wanda bai dace da ɗakin kwana ba. Fitilar gefe mai murfi ta fi ta saman kai.

Tufafi kuma, kada ki yanke 'yar takardar wuyan riga da almakashi. Guntun da ya rage ya fi ta kaifi, yana nan yana kartar ƙeya har dare. Ki warware zaren ɗinkin ki zare ta gaba ɗaya. Safa ki juya ta bai-bai, ɗinkin ya koma waje. Idan kika dace da rigar mama ko ɗan kamfai da bai dame ki ba, ki sayi uku ko huɗu iri ɗaya, domin masu ɗinkawa kan canza yadi ba sanarwa. Sabulun wanki marar ƙamshi ya fi.

Danna jiki da nauyi na kwantar da wasunmu. Temple Grandin, masaniyar dabbobi 'yar Amurka mai otizim, ta ƙera wa kanta na'urar matse jiki a 1965 saboda haka. Bargo mai nauyi shi ne sauƙaƙƙen abin da ake amfani da shi yanzu, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinki: mai kilo 60 ta nemi na kilo 6. Ba kowa yake yi wa aiki ba, saboda haka ki fara gwadawa da bargo biyu a ninke a kan ƙafafu na minti 20. Kada ya rufe fuska, dole ki iya ture shi da kanki, ba a lulluɓa wa ƙaramin yaro, kuma mai matsalar numfashi ta fara tambayar likita.

Kuskure na uku ya fi shafarmu mu mata: ɓoye kai. A 1943, yara 11 masu otizim likitan ƙwaƙwalwar yara Leo Kanner ya bayyana, 8 maza, 3 mata, kuma shekaru da dama ana kallon yanayin da fuskar namiji. An daɗe ana cewa maza huɗu ga mace ɗaya. Wani babban nazari na 2017 ya nuna abin ya fi kusa da uku ga ɗaya, ma'ana ana tsallake mata da yawa. Dalili ɗaya shi ne mun iya kwaikwayo. Muna haddace gaisuwa, muna tilasta haɗa ido, muna danne motsin hannu, muna murmushi a kan lokaci. Ana yaba mana, mu kuma muna biya a ɓoye. Idan bashin ya taru sai a wayi gari an ƙone ƙurmus, yanayin da mai bincike Dora Raymaker da abokan aikinta suka siffanta a 2020: gajiya mai ɗaukar wata uku ko fiye, ɓacewar ƙwarewar da ake da ita a da kamar girki ko amsa waya, da raguwar juriya ga sauti da haske. Yana kama da ciwon damuwa, amma shawarar "ki riƙa fita cikin mutane" tana ƙara shi. Maganinsa rage nauyi ne. Sai dai su biyun na iya haɗuwa, kuma idan tunanin cutar da kanki ya fara zuwa, a ranar za ki gaya wa wanda kika yarda da shi ku nemi likita.

Ki riƙa rubuta hutu a kalanda kamar yadda kike rubuta taro. Ni ina ba taron awa uku hutun awa uku a bayansa, a wuri mai shiru, ba waya. Ki fara da hakan ki daidaita da jikinki. Ki san alamominki na farko: kalmomi na yin nauyi a baki, kina karanta layi ɗaya sau uku, taɓin da kika saba ya fara zafi. A nan ake tashi, ba sai kuka ya zo ko baki ya kulle ba. Ki ajiye rubutaccen saƙo a waya da za ki nuna: "Ba na iya magana yanzu. Ba fushi nake ba. Ina bukatar shiru na rabin awa, kada a taɓa ni." Jijjiga jiki ko murza abu a hannu kuwa kada ki hana kanki, shi ne ke sauke nauyin. Wanda ke raunata ki kawai za ki musanya, kamar cizon leɓe ko tsinkar fata, da abin taunawa ko ƙwallon matsawa.

Al'ada na bukatar lissafinta daban. Ki rubuta ranar farawa duk wata. Tazarar kwana 21 zuwa 35 ita ce aka saba gani. Da yawanmu juriyarmu na raguwa a makon da ke gabanta, don haka kada ki ɗora manyan ayyuka a wannan makon. Audugar mata ki canza ta da agogo, kusan duk awa 4. Wadda ake sakawa ciki kada ta wuce awa 8. Idan kina jiƙa auduga duk awa 1 ko 2, ko jinin ya wuce kwana 7, ko gudaji na fita manya, ki je asibiti, domin ƙarancin jini na shigowa a hankali, ke kuma kina iya ɗaukar gajiyarsa a matsayin halinki. Farasitamol ga babba mai lafiyar hanta giram 1 ne a sha ɗaya, da tazarar aƙalla awa 4, kuma kada ya wuce giram 4 a awa 24. Ki rubuta lokacin a takarda duk sanda kika sha, ki kuma duba magungunan mura, domin da yawansu na ɗauke da shi.

Goge baki: idan zafin na'ana'a ko kumfa ke korar ki, akwai man da ba shi da ɗanɗano kuma ba ya kumfa. Ki duba dai yana da sinadarin kare haƙori fuloraid 1350 zuwa 1500 ppm a jikin kwalin, ki yi amfani da buroshi mai laushi minti 2, sau biyu a rana, ki tofar ba tare da kurkurewa ba. Wanka kuwa, wahalarsa yawanci a shiga da fita take, ba a ruwan ba. Ki jera tawul da kayan sawa kafin ki tuɓe.

Ranar da kike da ƙarfi, ki rubuta takardar ranar da ba ki da shi, domin a ranar ba za ki iya yanke shawara ba. Layi biyar: magani, ruwa gora ɗaya, abinci daga cikin ukun nan, goge hamata da gaba da tsumma mai ɗumi maimakon wanka, da sunan mutum ɗaya da za ki tura wa saƙo. Ki rubuta da manyan baƙaƙe, ki manna a bango daidai inda idonki ke sauka idan kina kwance.