Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kirsimetin Wusasa

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya damƙa ni hannun wani mai hayar kayan sauti a Sabon Garin Kano. Aikina a shagon bai wuce ɗaukar lasifika da naɗe waya da zuba wa janareta mai ba. Amfilifaya kuwa ko ƙura ba a yarda in goge mata ba.

Duk wanda ya san Sabon Gari ya san yadda take komawa idan Disamba ta raba. Tashar New Road ta cika maƙil da manyan motocin kudu, ana ɗaure buhunan wake da albasa, shaguna na rufewa ɗaya bayan ɗaya. Babban yaron shagonmu ma ya bi ayari ya tafi gida. Ana haka aka zo hayar kayanmu zuwa bikin Kirsimeti a Wusasa, kusa da Zariya, maigida ya duba bai ga kowa ba sai ni.

Da na kai maganar gidanmu a Fagge, Inna ta ce allambaran ba inda za ni. Baba ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Kai yaro, sana'a ce ta kai ka. Ka kula da sallarka, ka kula da kayan mutane." Da asuba muka fita ta Unguwa Uku cikin hazon hunturu, ina bayan akori-kura na rungume lasifika saboda ramuka. Kafin Kwanar Dangora leɓɓana sun tsage.

Ni a lokacin, in aka ce Kirista, ɗan kudu nake hangowa. Sai ga dattawa cikin babbar riga da hula ana ta "sannu da zuwa, ya hanya, ya mutanen Kano", matasa suna durƙusawa su gai da su kamar yadda muke yi a gida. Wani tsoho ya kama hannuna ya zagaya da ni tsohuwar cocin St. Bartholomew, ginin ƙasa irin na magina Hausawa, wanda aka yi a 1929 lokacin da mishan ta bar cikin birnin Zariya ta dawo nan gindin dutsen Kufena. Ya ba ni labarin Likita Miller, Bature ɗan mishan, da aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ya fito da Hausa a 1932, ya ƙara da cewa a garin nan Janar Gowon ya tashi. Rabin zancen ya wuce ni, hankalina na kan janareta.

Bayan sun fito daga sujada aka koma fili. Samari suka fara da jita da gangunan bature, abin da kayanmu suka saba ke nan. Matsalar ta zo da matan Zumunta, wato ƙungiyar matan coci, suka shigo cikin anko, da tuluna da caki. Tulun nan ana dukan bakinsa ne da wani faifan soso, sautinsa a ƙirji kake jin sa, amma ta lasifika ko alamarsa babu. Maigida ya tafi neman fetur. Wata dattijuwa mai ba da waƙa ta yafito ni ta ce, "Ɗana, ka bar mu muna ta wahalar banza?"

Jikina na rawa na cire makirufo daga sanda, na durƙusa na kara shi dab da bakin babban tulun, na koma na murɗa abin da aka hana ni taɓawa. Filin ya ɗauka gaba ɗaya. Mata suka rangaɗa guɗa, tsofaffi suka miƙe, ƙura ta tashi har ba ka ganin na gabanka. Waƙoƙin duk da Hausa, mai bayarwa ta bayar a amsa mata, salon da kunnena ya sani tun ina goye.

Dattijuwar ce kuma ta aiko min da buta da tabarma da la'asar, da shinkafa da nama, ta ce a faɗa min Musulmi ne ya yanka ragon.

Maigida bai ce uffan ba sai da muka wuce Kura a hanyar dawowa. Ya ce, "Wa ya ce ka taɓa min amfilifaya?" Na yi shiru. Ya ce daga gobe ni zan riƙa zama a kanta, akwai bikin aure a Gwammaja ranar Asabar. Abin da ya faru a wannan bikin, har aka kwana da kayanmu a hannun 'yan sanda, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.