Godiya bayan guguwar Beryl

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida da na nan Houston.

Alhamdulillahi, wuta ta dawo, ni da iyali muna lafiya. Bishiya ta faɗa wa shingen bayan gida, rufi ya ɗan yi yoyo, iyakar ɓarnar ke nan. Waɗanda suka yi rashi, ko a guguwar ko a zafin da ya biyo baya, Allah Ya ba su haƙuri.

Masu kira daga Kano da Zariya da Maraɗi, na gode, a gafarce ni da rashin amsawa, waya ce ba caji. Gidaje da shaguna sama da miliyan biyu ne suka rasa wuta. Na gode wa maƙwabcinmu da ya jawo mana wuta daga janaretonsa saboda maganin Hajiya da ke firij, da matasan masallaci da suka yi ta rabon ruwa da ƙanƙara.

Akwai kuma waɗanda ba su san ni ba, amma na ci moriyarsu: masana yanayi na cibiyar hasashen guguwa ta ƙasar Amurka da ke Miami. Tun Beryl na tsakiyar Tekun Atalantika suke bin ta da tauraron ɗan'adam, suna fitar da sabon hasashe duk bayan awa shida. Wasu matuƙa jirgi ma har cikin idonta, wato tsakiyar guguwar, suke kutsawa, su saki na'urori masu 'yar laima da ke auna iska da danshi. Wannan ƙarfin hali sai su! Wani abin mamaki, asalinta hadari ne da ya taso daga Afirka ta Yamma a ƙarshen watan Yuni, irin wanda ke ba mu ruwan damina a gida.

Na ji masu gunaguni cewa da farko an nuna za ta bi ta wajen iyakar Meziko, sai ga ta kusa da Matagorda, wani gari a bakin teku a jiharmu ta Texas, da asubahin 8 ga Yuli, 2024. Ni dai ban ga laifinsu ba. Hasashe suke yi, ba su ce sun san gaibu ba, kuma da ta karkato arewa sun faɗa da sauran lokaci. Shi ya sa muka samu damar shan mai, muka tanadi ruwa, muka ɗauko Hajiya daga ɗakinta da ke kusa da bishiyar.

Allah Ya saka wa kowa da alheri.