Godiya ga duk wanda ya tsaya mana daga Mole har bakin teku

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, da duk inda wannan saƙo ya iske ku.

Alhamdu lillahi, mun dawo Kumasi lafiya lau, ni da Hajiyarmu da maiɗakina da yara. Tun da labarin lalacewar motarmu ya shigo unguwa wayata ba ta huta ba. Ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na rubuto nan, kowa ya ɗauki rabonsa na godiya.

Asalin tafiyar burin Hajiya ne. Shekara da shekaru tana cewa tana so ta ga masallacin Larabanga da idonta, yara kuwa giwa suke so su gani da teku. Da hutun makaranta na ƙarshen shekara ya zo, Yayana ya miƙo mini makullin motarsa tun ban gama buɗe baki ba. Yaya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Sai Masta, bakanikenmu na Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, wanda ya wuni yana duba birki da tayoyi, ya kuma hana mu tashi sai da ya ga jarkokin ruwa cike a but. Masta, ruwan nan shi ya fisshe mu.

Mun bi ta Techiman, muka tsaya Kintampo yara suka jiƙe sharkaf a inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, muka haye gadar Buipe, muka karya kwana a mararrabar Fufulso muka nufi Damongo. A wannan hanyar ne, gab da magariba, wata babbar mota ta wuce mu a guje ta harbo dutse, ya huda lagireto. Allurar zafi ta haura, tururi ya tashi, na gangara gefe na kashe. Ba gari a kusa, hazon hunturu ya rufe daji, sanyi ya fara sauka, waya kuma sai ka ɗaga ta sama kafin ta kama. Ga tsohuwa mai hawan jini, ga ƙananan yara. Gaskiya hankalina ya tashi.

Motoci sun wuce, ban ga laifinsu ba, dare ne kuma daji ne. Sai ga wani bawan Allah a kan babur, ya ɗauro buhun doya a baya. Bagonje ne, Hausarsa kaɗan-kaɗan. Ya leƙa ya ga Hajiya, ya durƙusa ya gaishe ta, ya kwance buhun doyarsa ya jingina da tayar motarmu, ya ce mu riƙe masa, ya juya. Bai san mu ba, bai tambayi sunanmu ba, ya bar mana kayansa ya tafi. Bayan isha sai ga shi da bakanike a bayansa. Bakaniken ya kwanta a ƙasa, babban ɗana yana haska masa da fitilar waya, ya lalubo bututun da ya fashe ya matse shi da filaya, ya shafe da gam, Masta yana kan layi daga Kumasi yana faɗa masa abin da zai kiyaye. Aka jira gam ya kama, aka ɗura ruwan jarka, muka lallaɓa a hankali har Damongo, mai babur yana gabanmu yana nuna mana ramuka.

A Zongon Damongo wani dattijo, limamin unguwa, ya buɗe mana gidansa. Matarsa ta tashi cikin daren nan ta ɗumama tuwo da miyar kuka, ta dafa wa Hajiya ruwan alwala, ta ba ta ɗakinta ita ta koma wajen 'ya'yanta. Da safe aka yi wa lagireto walda. Na yi juyin duniya Malam ya karɓi wani abu, ya ce baƙonka annabinka, in mayar da kuɗina aljihu. Malam, Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya raya maka zuri'a.

Daga Damongo muka wuce Mole. Shi ne gandun daji mafi girma a Ghana, ya haura murabba'in kilomita 4,500, kuma tun 1971 yake gandun ƙasa. Ba a shiga cikinsa kai kaɗai, sai da ma'aikacin daji mai bindiga. Wanda ya raka mu da sassafe mutum ne mai haƙuri da yara. Ya nuna musu sawun giwa a busasshen taɓo, ya koya musu yin shiru da tsayawa nesa, ya kai mu inda mariya da gadu ke kiwo, ya gargaɗe mu kada mu bar abinci a fili saboda gwaggon biri. Da ya ga Hajiya ba za ta iya tafiyar ƙasa ba, ya samo mata kujera a bakin tudun da ke kallon tafki. Da rani giwaye tafkin suke zuwa sha, don haka tana zaune da carbinta ta ga suna wanka suna watsa ruwa da hanci. Ta fi mu more kallo.

A Larabanga mutanen gari sun karɓe mu hannu bibbiyu. Masallacin na ƙasa ne, an shafe shi fari fat, itatuwa sun fito ta jikin bango, ga tsohuwar kuka a gefensa. Mutanen garin suna danganta gininsa da shekarar 1421. Hajiya ta dafa bangon ta daɗe tana yi wa marigayi Babanmu addu'a. Mun gode wa dattawan da suka bar ta ta ɗauki lokacinta.

Daga nan muka yo kudu, muka kwana gida, muka kama hanyar Cape Coast. Mun tsaya Assin Manso, a bakin rafin da ake yi wa bayin da aka koro daga arewa wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa. Da yawansu ta kasuwar Salaga suka biyo. Sannan muka shiga kurkukun ƙasa na gidan Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482. Matashin da ya zagaya da mu bai ɓoye komai ba, bai kuma yi gaggawa ba, yara suka yi tsit. A ganina duk makarantar Islamiyya da ke da hali a Zongo ya kamata ta kai ɗalibanta wurin nan. Kakanninmu sun yi fataucin goro a waɗannan hanyoyi, mu kuma an haife mu a Kumasi mun girma ba mu san ƙasar ba.

A gandun dajin Kakum akwai gadoji bakwai na igiya da katako a saman itatuwa, an buɗe su a 1995, tsawonsu kusan mita 350. Maiɗakina ta kai tsakiyar ta farko ƙafarta ta ƙi motsi. Wata ma'aikaciya ta dawo ta tsaya gabanta tana cewa, "Anti, ni za ki kalla, kada ki kalli ƙasa," har ta sauko da ita. 'Yar'uwa, Allah ya yi miki albarka.

Surukina na Takoradi da iyalinsa sun sauke mu, sun cika mu da soyayyen kifi. Shi ya ba mu shawara mu leƙa bakin ruwa ranar Talata, ranar da masunta ba sa fita teku, mu ga jiragen kwale-kwale jere da fenti kala-kala, maza suna ɗinkin taru a inuwa. Shi kuma ya raka mu Beyin, inda muka shiga kwale-kwale zuwa Nzulezu, ƙauyen da aka kafa bisa turaku a kan ruwa. Matuƙin ya ɗaura wa kowane yaro rigar ruwa da hannunsa kafin ya tura jirgi. Baba, mun gode, Allah ya bar zumunci.

Masu turo kuɗi ta MoMo a daren nan ba tare da na roƙa ba, da maƙwabtan da suka kula mana da gida, da matasan unguwa da suka ce za su taso da mota cikin dare sai da na hana su, Allah ya biya ku.

Saura roƙo ɗaya. Mai babur ɗin nan ya ɗaure doyarsa ya tafi muna cikin sauke kaya a gidan Malam, ban sami sunansa ba. Dogo ne, baburinsa ja, yana bin hanyar Fufulso zuwa Damongo. Duk ɗan'uwan da ke can ya gane shi, don Allah ya haɗa mu, Hajiya tana son ta sa masa albarka baki da baki.

Ranar Juma'a bayan la'asar za a yi sadakar masa da addu'a a gidanmu na Aboabo. Hajiya ta ce kowa ya zo.