Yadda na haɗa ruwan banila a gida ba tare da barasa ba

Duk mai sana'ar gato a Maradi ta san ƙananan kwalaben ƙamshin nan na babbar kasuwa, da ƴan ƙunshin sukari mai ƙamshin banila da ake samu a kowane shago. Da su muka koyi aiki, kuma har gobe ina saye. Sai dai yawancinsu ba su taɓa haɗuwa da itacen banila ba. Abin da ke ciki sinadari guda ne, banilin, wanda masana a Jamus suka gano yadda ake haɗa shi tun 1874, yau kuma daga man fetur ko daga itace ake samo mafi yawansa. Ruwan banila na ainihi kuwa da barasa ake jiƙa shi. A Amurka ma doka ce sai barasar ta kai kashi 35 cikin 100 kafin a kira shi da wannan suna. Malamai sun yi magana a kai, wasu sun sassauta, wasu ba su sassauta ba. Ni dai raina bai kwanta da in zuba shi a gaton suna ko na biki ba, mutane su ci ba su sani ba. Shi ya sa na nemi wata hanya, na same ta a glisarin.

Silin banilar, wato dogon kwanson da tsiron ke haifarwa, ƙanin maigidana ne ya zo mini da su daga Kano, a leda mai liƙi. Da ya faɗi kuɗin sai da na ce, "Kai, Malam, zinariya ka sayo mini?" Daga baya na daina ganin tsadar. Banila asalinta daga Meziko take, furenta yini ɗaya tak yake buɗewa, kuma a ƙasashen da aka kai ta, da hannu ake yi masa barbara, fure bayan fure. Wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, shi ya gano dabarar a tsibirin Reyuniyon a 1841, har yau da ita manoma ke aiki. Bayan barbara sai a jira wajen wata tara kwanson ya nuna, sannan a shafe wasu watannin ana turara shi ana shanyawa. Madagaska ce ke noma mafi yawa, shi ya sa da guguwar Enawo ta afka wa arewa maso gabashin ƙasar a watan Maris na 2017, kilo ɗaya ya kai wajen dalar Amurka 600.

Sili mai kyau baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, yana maiƙo, in kika naɗe shi a yatsa ba ya karyewa. In ya iso miki da hunturu kada ki bar shi a buɗe, iskarmu za ta busar da shi ƙayau. Kada kuma ki sa shi a firji, danshin ciki na jawo masa fumfuna.

Zaɓen glisarin shi ne inda na fi so a kula. Wanda muke saye mu cuɗa da man shafawa lokacin sanyi ba shi ba ne. Na ci ake nema, wanda aka rubuta a jikinsa cewa daga man tsirrai aka yi shi, don akwai wanda ake yi da kitsen dabba. Ki karanta takardar da idonki, ko ki tambaya a kantin magani.

Haɗin kansa ba wuya. Glisarin kashi uku, ruwan da aka tafasa ya huce kashi ɗaya, domin shi kaɗai kaurinsa kamar zuma ne, ba ya ratsa silin da kyau. Ma'aunin banila giram 100 ne ga lita guda, wato kwalba mai rubu'in lita za ta ci giram 25, sili shida zuwa takwas gwargwadon girmansu. Na dafa kwalbar da murfinta, na kife ta bushe. Na kwantar da kowane sili a faranti, na tsaga shi a tsaye da bakin wuƙa, sai ga cikin ya buɗe, baƙin laka mai danƙo cike da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai. Na kankare shi da bayan wuƙar na zuba, na yayyanka kwanson da almakashi shi ma na zuba, don ƙamshi mai yawa a jikinsa yake. Dole ruwan ya rufe komai. Guntun da ya leƙo sama shi ke fara lalacewa. Har bayan la'asar yatsuna suna ƙamshi, na wanke da sabulu bai fita ba.

Sauran aikin jira ne. Glisarin ba ya janyo ƙamshi da sauri kamar barasa, kuma ko ya daɗe ba ya kai ta ƙarfi. Na ajiye kwalbar a cikin kabad inda rana ba ta kaiwa, ina girgiza ta duk ƴan kwanaki. Zafin Afrilu da Mayu yana taimakawa matuƙar ba a rana take ba. Da sanyi kuma nakan tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa, in bar ta har ya huce. Da farko ruwan fari ne tas, sannan ya koma kalar shayi, a hankali ya yi duhu. Bayan wata biyu ana iya amfani da shi, amma wanda ya kai wata shida daban ne.

Na gwada shi a kusan duk abin da nake sayarwa, kuma ba ko'ina ya nuna kansa ba. A cincin da biskit, inda wuta ke da ƙarfi, yawancin ƙamshin tashi yake, abin da ke saura bai fi na kwalbar kasuwa ba. Can na daina ɓarnatar da shi. A gato mai man shanu ana jin bambanci, musamman washegari, amma sai na ninka abin da na saba zubawa, in ɗan rage sukari saboda glisarin yana da zaƙinsa. Inda ya fi burge ni shi ne abin da ba ya ganin wuta: kirim ɗin saman gato, kindirmo, da dege. Na zuba cokalin shayi biyu a kwanon dege na kai wa surukata da buɗa baki. Ta kurɓa, ta duba ɗigo-ɗigon baƙi a cikin nonon, ta ce, "Ƴata, wannan ƙasa ce ko mene?" Na ce, "A'a Inna, ƴaƴan banilar ne." Ta shanye ta ce a ƙaro. Yanzu duk mai oda sai na yi mata bayanin ɗigon nan tun kafin ta ɗauka, kada ta zaci datti ne.

Kwanson da ya gama aiki ba na zubarwa. Nakan tsame shi, in ɗauraye, in shanya a inuwa ya bushe sosai, in binne shi a gwangwanin sukari in rufe. Bayan ƴan makonni sukarin ya ɗauki ƙamshi, da shi nake yayyafa wa fanke da saman gato.