Gidan falke na Zango da muka mai da makaranta

Ranar da aka danƙa mini makulli, jemagu ne suka fara tarbata a zaure. Gidan wani falke ne a unguwar Zango ta Damagaram, cikin mutanen da suka yi arziki da ayarin raƙuma mai bi ta Agadas zuwa Tarabulus. Magadansa sun watse, wasu Yamai, wasu Kano, suka yarda a ba wata makarantar gaba da sakandare haya na shekaru, da sharaɗin kada a rushe ko ɗaki ɗaya. Tun da aka buɗe jami'a a Damagaram a 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, ɗalibai suka cika gari, wurin karatu ya yi kaɗan. Gyaran gidan ni aka ɗora wa.

Da rani na fara, kuma nan na ga abin da ya sa na so gidan. Watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40 a waje, amma cikin babban soro, ƙarƙashin bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe da rufi, mutum na zaune ba ya neman mafici. Bangon tubali ne mai kaurin da ya fi kamu guda; yana shan zafin rana a hankali, sai dare ya sake shi. Soron ya zama ɗakin littattafai, ɗakuna uku na tsakar gida suka zama azuzuwa.

Bangon gabas ne ya ba ni wahala, can inda ruwan sama ke duka. Masu kuɗin aikin suna son abin da ba za a riƙa taɓawa duk shekara ba, ni kuma na yarda a shafe shi da siminti. Tsohon maginin da na ɗauko daga unguwar Birni ya daɗe yana shafa bangon da tafin hannunsa, sannan ya ce, "Ɗana, siminti da ƙasa ba sa aure." Na ce, "Baba, ku bari mu gwada wannan ɓangaren kaɗai." Bai ƙara magana ba.

Ruwan Agusta ya sami wata 'yar tsaga a sama, ya shige bayan simintin, ya rasa hanyar fita. Ƙasar ta jiƙe daga ciki ba wanda ya gani. Wata safiya muka iske shafen ya ɓallo faifai guda, ya tafi da naman bango, har da gefen zanen da ke saman taga, zanen da ya girmi kowa a cikinmu. Shi ne abin da har yau yake ci mini rai. Bangon mun mayar, da jar ƙasa da makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake haɗa yaɓe da shi, da aka sayo daga kudu, zanen kuwa sai kwaikwayo.

Daga nan ban sake yanke shawarar da ta shafi ruwa ba sai da tsohon. Farantan hasken rana da na so in kafa bisa rufi, ya ce duk ƙusar da ta huda daɓen sama ƙofa ce ga ruwa. Muka yi musu rumfar ƙarfe a tsakar gida, ƙasanta ya zama wurin da ɗalibai ke bita da caza waya. Ban-ɗakuna muka kai can ƙarshen gida, a ginin bulo daban. Indararo kuma muka haɗa su da tanki, don duk ɗan Damagaram ya san garin bisa dutse yake, ya san layin jarkoki a bakin famfo da rani.

Gardamar da ta fi daɗewa ta kan takarda ce. Sai da na yi wata biyu ina zirga-zirga kafin a sa kuɗin yaɓe cikin kasafin kowace shekara, kusa da albashin mai gadi. Bana a watan Mayu tsohon ya zo da 'ya'yansa biyu, ɗalibai huɗu suka naɗe wando suka shiga kwaɓa, ɗayansu yana ta tambayarsa kwana nawa ake barin ƙasa ta ruɓa kafin a ɗora ta a bango.