Makonnin Farko Bayan An Ce Ɓargona Ya Gaza

Na shafe watanni ina fama da kasala da haki, ga tabo baƙi-baƙi da ke fitowa a jikina ba tare da na bugu ba, kafin a ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙuguna a gwada. Sakamakon ya nuna cewa ɓargon ya daina samar da isassun ƙwayoyin jini: jajaye masu ɗaukar iska, farare masu yaƙi da cututtuka, da masu tsayar da zubar jini.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne bayanin likita cewa a mafi yawan masu irin larurata, garkuwar jiki ce da kanta take afka wa ɓargon. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, domin abin da aka halitta ya kare ni shi ne yake cutar da ni.

Ƙarin jini yana dawo mini da ƙarfi, sai dai na ɗan lokaci ne, kuma ƙwayoyin da ke tsayar da jini ba sa wuce kwana 10 a jiki. Na koyi auna zafin jikina kullum, saboda idan ya kai digiri 38, asibiti zan nufa ko da tsakar dare ne.

Yanzu ana maganar dashen ɓargo. Damar kowane ɗan'uwa shaƙiƙi ya dace da ni 1 ce cikin 4, amma duk da haka ƙanwata ta riga kowa miƙa hannu aka ɗebi jininta. Muna jiran sakamakon.