Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Unguwar Bayan Kwatami

Makon jiya na tsaya a inda makarantarmu ta tura mu, ɗaliban ungozoma, koyon aiki a wani ƙauye na jihar Uttar Pradesh a Indiya.

Ranar farko ma'aikaciyar lafiyar ƙauyen, wadda suke kira ASHA, ta zaga da ni gida-gida. A tsakiyar gari takan shiga har ɗaki, ta sha shayi, ta dafa cikin mai juna biyu. Da muka isa wata unguwa can kudu da gari, bayan kwatami, sai ta toge daga waje ta ƙwala kira. Wata yarinya ta fito da tsohon ciki, ƙafafunta sun kumbura suntum. Daga sama ta sakar mata ƙwayoyin ƙarin jini a tafin hannu, don kada yatsunsu su haɗu.

Na ce, "Didi (wato yaya), ba za mu gwada jininta ba? Ga kumburi, ga ciwon kai."

Ta ce, "Ai 'yan Chamar ne." Ta yi gaba.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Chamar rukuni ne na 'yan Dalit, mutanen da al'adar can ta ajiye a ƙasan kowa, har ake ƙyamar taɓa su. A aji an karantar da mu cewa tun 1950 sashe na 17 na tsarin mulkin Indiya ya haramta ƙyamar 'yan Dalit, kuma Ambedkar da ya jagoranci rubuta shi ɗansu ne. Tun 2005 kuma gwamnati ke ba matar ƙauye a jihar tallafin kuɗi in ta haihu a asibiti. To wa zai kai ta asibitin, in mai rakiyar, wato ASHA, tana ƙyamar riƙe mata hannu?

Da la'asar na koma ni kaɗai da abin awo. Jininta ya hau sosai. Kakarta ta shimfiɗa mini buhu, ta daɗe tana kallon hannuna a damtsen jikarta. Ashe ita ce dai ɗin garin, wato ungozomar gargajiya. A wurinsu yanke cibiya aikin ƙazanta ne, don haka matan unguwarta ake bar wa. Ta ce har ita ASHA ɗin, ita ta yanke mata cibiya.

Na roƙe su da gari ya waye su kai ta asibiti. Wajen ƙarfe biyun dare sai ga tsohuwar tana bubbuga ƙofar masaukinmu, ko takalmi babu: yarinya ta fara jijjiga.

Mu haɗu mako mai zuwa, in sha Allah.